Ni da Ido, Baba da Kunne a Garwa

Tun da muka dawo daga Garwa ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya leƙo shago sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "Auwalu, yaya Kamaru? Wai da gaske Baba ya koma kallon fim?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya fita da shi sai ya ƙara masa gishiri. Jiya wani ya rantse mini an ga Baba yana koyon kareti a bakin kogi. To ga shi na rubuta yadda abin ya faru. Wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa, in koma kan kekena.

Ga wanda bai san mu ba, ni tela ne a Jimeta. Mahaifina, Alhaji Sale, tsohon direban babbar mota ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jigilar kaya tsakanin Yola da Garwa da Marwa. Yanar ido ce ta riƙa rufe masa gani a hankali, har ta kai sai an riƙe masa hannu zuwa masallaci. Mun yi, mun yi a yi masa aiki, ya ƙi, saboda wani maƙwabcinmu da aka yi wa bai dace ba. Mutumin da a da muryarsa ke cika unguwa ya koma zaman ɗaki, a kai masa abinci ya taɓa ya ture. Ana haka sai amininsa na ƙuruciya, Alhaji Mamuda, ya bugo waya daga Garwa, ya ce akwai likitan da ya yi masa nasa idon, kuma ga shi yana zura zare a allura. Ya ce, "Sale, in ba ka zo da ƙafarka ba, zan aiko a ɗauro mini kai kamar buhun gyaɗa." Abin da mu 'ya'yansa muka kasa, wannan waya ta yi shi.

Sai kuma in faɗi wani abu, don a gane abin da ya biyo baya. Baba bai taɓa son fim ba. Sunan da ya sa masa shi ne ƙarya da hayaniya. Ni kuwa, kun sani, ba abin da nake so irin fim ɗin duka da harbi, wanda mota ke tashi sama ta faɗo akta ya fito yana kakkaɓe riga.

Ta Belel muka bi. Motar da muka samu an cusa mu cikinta kamar goro a huhu, Baba a jikin ƙofa, ni a tsakiya, sai wata Hajiya mai fataucin atamfa a gefena. Na sa sabon kaftani fari da na ɗinka musamman don mutanen Kamaru su ga aikin hannuna. Ba mu yi nisa ba jarkar manjan wani fasinja ta fara tsiyaya daga saman kaya, ɗigo-ɗigo, daidai kafaɗata. Kafin a tsaya a gyara, kaftanin ya koma na masu sayar da awara. Hajiya ta yi dariya har da tari, sannan ta ji tausayina ta ba ni shawara. Ta ce, "Ɗana, tunda ba ka jin Faransanci, in jandarma, wato ɗan sandan can, ya yi maka magana kada ka yi musu. Ka ce wi, shef. Wato to, ranka ya daɗe. Shi ke nan ka wuce."

Baba ya jingina da ƙofa duk tsawon hanyar. Carbinsa kawai yake ja.

A kan iyaka, ɓangarenmu bai ɗauki lokaci ba. A Demsa ne, ɓangaren Kamaru, aka sauke mu duka. Saboda rikicin da ya addabi arewa, duk ɗan Najeriya sai an duba shi ciki da bai, kuma ban ga laifinsu ba. Wani jandarma dogo ya karɓi takardunmu da katin rigakafi, ya buɗe jakata, ya zaro babban almakashina na yanka yadi, wanda na saba ba na tafiya ba shi. Ya ɗaga shi sama ya yi wata magana da sauri. Na ce, "Wi, shef." Ya ƙara wata. Na ce, "Wi, shef." Sai na ga fuskarsa ta sauya, ya kira abokin aikinsa, Hajiya kuwa ta dafe kai.

Nan ne Baba, wanda tun safe bai yi magana ba, ya gyara murya ya saki Faransanci. Ba kalma ɗaya ko biyu ba, zance sosai, har da nuna ni da sanda, ko da yake gefen da ya nuna ba nan nake ba. Jandarman ya saurara, ya dube ni, ya dubi manjan da ke kafaɗata, ya fashe da dariya. Ashe tambayata ya yi ko makami ne wannan, na ce e. Ya ce ko na zo da niyyar amfani da shi a ƙasarsu, na ce e.

Na ce, "Baba, yaushe ka iya wannan yaren?"

Ya ce, "Da wane baki kake zaton na yi ta wuce shingayen nan kafin a haife ka?"

Muna cikin ofishin ana buga mana hatimi ya raɗa mini, "Hoton wa ke jikin bango?" Na kwatanta masa. Ya jinjina kai ya ce, "Shi na bari a kan mulki."

Daga Gashiga, garin da ke gaba da iyakar, zuwa Garwa ba nisa. Abin da ya fara tarbar mu zafi ne. Mu mutanen Yola muna taƙama da zafi, to na Garwa yayansa ne. Na biyu babura, kamar an tashi gidan zuma, kuma duk da man ƙasarmu suke yawo, wanda ake sayarwa a kwalabe a bakin titi suna ce masa zuwa-zuwa. Na tsaya ina tunanin yadda zan ɗora makaho a babur, sai ga Alhaji Mamuda da kansa ya zo da mota. Gajere ne mai faɗi, ɗan kasuwar goro da yadi. Kakansa ne ya zo daga Kano fatauci ya zauna. Ya rungume Baba yana cewa, "Mai gingimari, ka tsufa!" Baba ya shafa fuskarsa da hannu ya ce, "Kai kuma ka yi ƙiba, ko ba ido na gane."

Gidansu na kusa da babbar kasuwa. Hausa suke yi, amma Hausar da ta sha ruwan Binuwai: a jimla ɗaya za ka ji Fulatanci, ka ji Faransanci, sannan a dawo gida. Uwargidan, wadda kowa ke kira Dada, Bafulatana ce siririya mai kaifin murya. Sai 'yarsu Dija, malamar makarantar sakandare mai koyar da Faransanci, wadda mijinta ke aiki a Ngaundare, ita kuma tana zaune kusa da iyayenta. Ita ce ta ɗauki nauyin kai mu asibiti, kuma tun ranar farko ta ce mini Hamma, wato yaya.

Abincinsu bai yi nisa da namu ba, sai dai burodi. Dogo ne kamar taɓarya, bayansa da tauri, in ka gatsa sai ka ji a kunne. Baba ya ce shi ya san shi tun da, sai an tsoma a shayi ake raba shi da girman kansa. Da rana tuwo da miyar yakuwa, wadda suke ce wa folere, da kifin giwan ruwa sabo. Ban taɓa sanin yakuwa na iya kai wannan matsayi ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne tsakar rana. Rana na take tsaka sai gari ya yi tsit, a ja ƙofofin shaguna, kowa ya nemi inuwa. Na ce a Jimeta in tela ya yi haka, kafin ya farka maƙwabcinsa ya kwashe masa masu ɗinki.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ce ta karɓe mu, Madam Marta, Kirista daga duwatsun wajen Mokolo, wadda ta koyi Hausa a kasuwa tana yarinya. Papa take ce wa Baba. Likita ya haska idanun ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi bayani, Dija na juya mini. Na hagu ya riga ya mutu, ba yana kaɗai ba ce, ba abin da za a iya yi. Na dama ana iya cetonsa. Amma jinin Baba ya hau sosai, tansiyo kamar yadda suke faɗa, kuma ba zai taɓa idon ba sai ya sauka. Aka ba mu magani aka ce mu dawo.

Muka koma, bai sauka ba. A hanyar gida Baba ya ce, "Auwalu, nemo mana mota gobe. Ido ɗaya ya tafi, ɗayan ma Allah bai nufa ba. Gara in mutu a ɗakina." Alhaji Mamuda ya yi faɗa, ya yi lallashi, da ƙyar Baba ya yarda a ƙara gwadawa sau ɗaya. Ni dai na san halinsa. Ba ya barci, ba ya cin abin kirki, tsoro ne ke cin sa kuma ba zai taɓa faɗa ba. Na fara tunanin da wace fuska zan koma wa Inna, mahaifiyata, da shi yadda na tafi da shi.

To a gidan nan falo ne kaɗai ke da fanka mai ƙarfi, don haka bayan azahar a nan nake shimfiɗa wa Baba tabarma. Ashe wannan lokacin na Dada ne. Ta idar da salla, ta zo da butar shayinta, ta kunna talabijin, ta sa fim. Na zaci wa'azi za ta saka ko waƙoƙin biki. Sai na ga wani ƙato ya faso taga da ƙafa, bindiga a kowane hannu. Tsohuwar nan ta gyara zama ta ce, "Yawwa, ga ɗan albarka." Na ce a raina, na samu uwa a Kamaru.

Matsalar ɗaya ce: a can duk fim ɗin Turawa an juya shi zuwa Faransanci. Na ce, "Dada, me ya ce?"

Ta ce, "Oho. Ni ina na sani?"

"Ba kya ji?"

"Shekara da shekaru ina kallo ban taɓa ji ba. Mai baƙin gilashi mugu ne, wannan na kirki ne. Me ya rage?"

Gaskiyarta, ban ɓata ba ko kaɗan. Amma da aka zo inda bos ya ɗauki waya yana magana a hankali yana murmushi, sai na sake cewa, ni kaɗai, ko me yake faɗa. Daga kan tabarma, Baba ya juya mana baya, sai muka ji, "Ya ce in ba a kawo masa makullin ba kafin rana ta faɗi, zai tashi gadar da mutanen da ke kanta."

Muka juyo muna kallon Baba. Can ya ce, "Wane ne mai maganar?"

Na ce, "Bos ne, Baba. Shugaban mugayen."

"Shi kuma mai hakin nan?"

"Akta ne. Yana tuƙa tankar mai, birki ya tsinke, ga gangara, ga jirgi mai saukar ungulu yana harbinsa ta sama."

Baba ya juyo. "Tankar cike take ko wayam?"

"Cike."

"To ya sauke giya mana! Wane irin direba ne wannan?"

Na ce gadar da ke gabansa ta karye a tsakiya, ga jirgin ruwa yana wucewa ta ƙasa, kuma da alama tsallakawa zai yi. Baba ya tashi zaune. Ya ce ƙarya ne, tanka cike ko kwalbati ba ta tsallakewa, shi ya ja ta ya sani, nauyin man kaɗai zai kifar da ita. Yana cikin bayani Dada ta miƙe tsaye tana ihu da Fulatanci, ƙara ta cika falo, sannan aka yi tsit.

"Me ya faru? Auwalu, me ya faru?"

"Ya tsallake, Baba."

"Da tankar?"

"Da ita. Ko madubi bai fashe ba."

Ya ce, "Ɗan banza!" Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke girgiza kafaɗa. Rabon da in ji wannan dariyar har na manta. Na juya fuska don kada Dada ta ga idona.

Daga ranar aka raba aiki. Ni ne ido, Baba ne kunne, Dada ce alƙali. Ni in faɗi wanda ya daki wani da inda ya faɗi, shi ya faɗi abin da suka ce, yana ƙarawa da nasa sharhin a kan duk motar da aka tuƙa ba daidai ba. Bai daina cewa ƙarya ne ba. Sai dai yanzu in azahar ta yi shi ke tambaya ko Dada ta idar.

Dija ce ba ta ji daɗi ba. Ta dawo daga makaranta ta tarar da mu ana tarwatsa wani bene, ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta. Ta ce, "Hamma, mutumin da ake so jininsa ya sauka shi kuka zaunar gaban bama-bamai?" Sannan ta shiga abin da na gane tsohuwar rigima ce tsakaninta da mahaifiyarta. Ta ce waɗannan finafinan duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. An san wanda zai ci tun kafin a fara. A harbi mutum da harsashi kamar ruwan sama ko ƙwarzane babu. Mata ba su da aiki sai ihu a jira mai ceto. An kashe dukiyar da za ta gina asibitoci don a ƙona motoci. Ta ce masanan fim, waɗanda aikinsu ke nan su auna shi, ko kallon arziki ba sa yi wa irin wannan.

Dada ta ce, "Su suka saya mini talabijin?"

Ni dai rabin abin da ta faɗa na san haka ne. Baba kuwa ya ce, "'Yata, kawo naki mu ji. Ba a yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya."

Washegari ta kawo. Ta ce ya ci kyaututtuka a ƙasashe da dama. Labarin wani tsohon masunci ne a bakin teku, matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai. Aka fara. Tsoho yana gyaran koma. Baba ya jira, ya jira, ya ce, "An ɗauke wuta ne?"

Na ce, "A'a, yana kallon taga."

Bayan wani lokaci: "Yanzu fa?"

"Har yanzu tagar."

Dada ta yi hamma ta ce za ta duba tukunya, ba ta dawo ba. Amma da ɗan tsohon ya zo daga birni suka fara magana, sai na ga Baba ya kasa kunne. Ya fassara mini kaɗan: ɗan yana so ya tafi da uban, uban ya ce ba ya so ya zama kaya a gidan kowa. Daga nan ya daina fassarawa. Ina gani a allo tsohon yana laluben ƙofar ɗakinsa ya kasa samu, ni ma na daina faɗa. Ba a kai ƙarshe ba Baba ya ce in kai shi ɗaki. Ranar bai ci tuwo ba.

Da safe Dija ta zo kafin ta wuce makaranta, ta durƙusa a bakin ƙofa. Ta ce, "Baba Sale, ka yafe mini. Ban yi tunani ba."

Ya ce, "Me kika yi? Fim ɗinki ba ƙarya a cikinsa ko ɗaya. Wanda ya yi shi ya zauna da tsoho, ya san abin da muke ji in dare ya yi mana da rana. Ni ne dai ba na bukatar a ba ni labarin rijiyar da nake ciki. Na Dada kuwa tun daga farko na san ƙarya ne, shi ya sa nake sakin jiki. Mutumin nan ko me ya faɗo masa zai tashi."

Dija ta yi murmushi, amma ba ta sauka daga kan bakanta ba. Ta ce, "Duk da haka ba fim mai kyau ba ne."

Ya ce, "Ban ce mai kyau ba ne. Na ce ya yi mini daɗi. In Allah ya buɗe mini ido, ki ajiye mini naki, zan ƙarasa shi. Ina so in san ko ya bi ɗan."

Da azahar sai ga ta da wani fim ɗin harbi da ta karɓo wajen wani ɗalibinta, ta zauna tare da mu tana yamutsa fuska. Kuma a nan na gane wani abu da nake so abokan gardamata na shago su ji. Ba kowane fim ɗin duka ne ke wucewa a kotun Dada ba. Wannan da Dija ta kawo an ƙona motoci a cikinsa fiye da na tankar, amma ana tsakiya Dada ta tashi ta kwashe shanya, Baba ya fara gyangyaɗi. Da aka gama ta ce, "Wannan bos ɗin rago ne, mari ɗaya ya mutu. Kuma akta bai sha wuya ba. In bai sha wuya ba, me zan yi wa murna?" Baba ya ce kuma surutu ya yi yawa, duk barazana ba aiki. Dija ta ce, "Ashe ku ma kuna da ma'auni." Dada ta ce, "Da fa? In shayina ya huce ban sani ba, fim ya yi. In na shanye shi da zafi, a mayar wa mai shi." Ranar Dija ta yi dariya, har ta yarda cewa wurin tsallaken tankar, wanda Dada ta sa aka maimaita mata, an ɗauke shi da gwaninta.

Da muka koma asibiti Madam Marta ta ɗaura abin awo, ta duba, ta sake ɗaurawa. Ta ce, "Papa, me ka sha?" Jinin ya sauka. Ba zan ce fim ne ya saukar da shi ba, kada likitoci su kama ni. Ya sha magani a kan kari, Dada ta janye gishiri daga miyarsa, kuma ya koma yin barci. Amma na san abin da ya sa ya zauna a Garwa har maganin ya samu lokacin yin aiki. Da na ba Madam Marta labari ta yi dariya, sannan ta ce ita a gidanta ba a sa irin wannan. Mahaifiyarta ta gudo daga ƙauyensu ne bayan an kai musu hari, ko a talabijin ta ji harbi sai ta shige ƙarƙashin gado. Ta ce, "Kowa da abin da ke kwantar masa da rai. Ita waƙar coci, Papa kuma tanka." Na riƙe wannan maganar.

Ranar aikin, da safe aka shiga da shi ɗakin tiyata. A bakin ƙofa ya damƙe hannuna da ƙarfin da ban san yana da saura ba, yana ta salati. Madam Marta ta karɓi hannun daga nawa ta ce, "Papa, ni ce direba yau." Muka zauna a benci ni da Alhaji Mamuda, wanda ya bar shagonsa ya zo. Kowa da carbinsa. Ba a daɗe ba aka fito da shi da bandeji.

Washegari likita ya cire. Baba ya ƙifta, hawaye na zuba, ya kare fuska daga hasken taga. Ya dubi likita, ya dubi Madam Marta, ya ce mata, "Ashe yarinya ce ke." Sannan ya juyo kaina ya tsaya. Ya daɗe yana kallona har na tsargu.

Ya ce, "Auwalu, yaushe ka yi furfura?"

Na kai hannu na shafa kaina. Alhaji Mamuda ne ya cece ni, ya turo fuskarsa gaba yana cewa, "Ni fa? Ni fa?" Baba ya ce, "Kai gara lokacin da ba na gani."

Likita ya hana shi kallon talabijin sai ido ya warke, abin da Dada ta ɗauka zalunci ne tsagwaronsa. Sau ɗaya kawai ta tsayar masa da hoton aktan tankar ya leƙa ta bayan baƙin gilashin da aka ba shi. Ya ce, "Wannan ne? Auwalu, ka ƙara masa tsawo." Kafin mu taho na ɗinka wa Dada da Dija da Madam Marta riguna a keken wani tela maƙwabcinsu da ya ba ni aro, don ban san da me zan biya su ba, kuma ba su biyuwa. Mutanen nan sun ciyar da mu, sun yi jinyar mahaifina kamar nasu, ba wanda ya taɓa nuna mana mun daɗe. Dija ta sa mana finafinai biyu a jaka, nata da na Dada, ta ce a kalla bi da bi don adalci. Allah ya saka musu da alheri, ya sa mu rama a kan abin farin ciki.

A tasha Baba ya ce shi gaba zai zauna. Direban wani saurayi ne mai son gudu. Tun kafin mu bar gari aka fara: "Rami a damanka." "Sauke giya, gangara ce." "Wa ya koya maka shan kwana haka?" Ya karanta duk allon da muka wuce da ƙarfi, ya gaishe da shanu, ya nuna mini inda motarsa ta taɓa maƙalewa a laka. Wajen Gashiga direban ya gaji, ya dube shi ya ce, "Baba, don Allah wa ya buɗe maka idon nan?"

Baba ya ce, "Allah, da mutanen Garwa. Kalli gabanka, ga akuya."